Mu ke kwasar gota, wasu ke riƙe da kwalba

'Yar yayata ta zo mana hutu daga Amurka watan jiya, wannan ne zuwanta na biyu Kumasi tunda aka haife ta, na farkon tana goye a baya don haka ba ma a lissafa shi. Yaya ta kira ni ya fi sau biyar kafin jirgi ya sauka, kar a bar ta ta sha ruwan famfo, kar a bar ta ta hau pragya, kar a kai ta inda sauro yake, kamar akwai wani lungu a Aboabo da sauro bai san hanyarsa ba. Na ce Yaya ki kwantar da hankalinki, 'yarki ba ƙwai ba ce.

Kwana na uku na ɗauke ta za mu je gaida wata gwaggonmu, muna zuwa kan gadar nan ta rafin Aboabo sai kawai yarinya ta tsaya. Ni na riga na toshe hanci na wuce kamar yadda kowa ke yi, ban ma lura ba sai da na waiga na ganta ta kama ƙarfen gada ta leƙa ƙasa tana kallon ruwan nan baƙi ƙirin, robobin fiya wota sun yi tsibi a gefe, ga tsohuwar katifa, ga wani takalmi ƙafa ɗaya, ga awaki biyu suna ta kiwo abinsu. Na zaci za ta yi amai ne ko ta ciro waya ta ɗauki hoto ta tura ma ƙawayenta su ga Afirka. Sai ta ce, da Hausarta mai karaya ɗin nan, "Kawu, daga ina ruwan nan yake tasowa, kuma ina yake zuwa?"

Wallahi shekarata arba'in da wani abu ina tsallake gadar nan, ba wanda ya taɓa min wannan tambayar, ni ma ban taɓa yi ma kaina ba. Na ce mata daga can sama yake zuwa, yana tafiya can ƙasa. Ta yi dariya har sai da mai sayar da koko ta juyo tana kallonmu.

Ashe abin da take karanta kenan. Tana jami'ar Morgan State a Baltimore, jihar Maryland, kuma hutun da ya wuce kusan wata uku ta yi tana aikin koyon sana'a a bakin ruwa, sanye da dogon takalmin roba tana ɗibar ruwa a kwalba tana aunawa, kuma ana biyanta. Wannan "ana biyanta" ɗin ku riƙe shi, zan dawo kansa.

Da daddare muna zaune a tsakar gida an ɗauke wuta ta yi min bayanin abin. Ta nuna min rufin gidanmu ta ce kawu ka ga duk ruwan da ya sauka a kan kwanon nan, ko ta gabas ko ta yamma, ƙarshenta indararo ɗaya yake bi ya zuba a duro ko? To ƙasa ma haka take. Duk faɗin ƙasar da ruwan samanta ke gangarowa ya haɗu a kogi ɗaya, ita ce magangarar wannan kogin, kuma duk abin da aka zubar a kan rufin to a duron za a same shi. Su tasu magangarar ita ce ta Chesapeake, wani makeken sashen teku da ya kutso cikin ƙasa. Faɗinta murabba'in mil 64,000, na zauna na lissafa ya ɗan haura kashi biyu bisa uku na Ghana gaba ɗaya, ta taɓa jihohi shida da birnin Washington, mutum sama da miliyan 18 ke zaune a cikinta. Manomi a Pennsylvania ya zuba taki a gonarsa, masunci a Virginia da bai taɓa ganinsa ba shi zai ji a jikinsa, don takin nan in ya yi yawa a ruwa gansakuka ke tashi, in ta mutu ta ruɓe ta shanye iskar da kifi ke shaƙa. Tun 1983 jihohin da gwamnatin tarayya suka haɗa kai kan gyaran ruwan, a 2010 aka ƙayyade ma kowace jiha iyakar ƙazantar da za ta bari ta shiga, kuma har wa'adin 2025 da suka ɗiba ma kansu ya zo ba su cika duka ba. Na ce to ashe ba mu kaɗai ne muke sa rana ta wuce ba.

Amma abin da ya hana ni barci daban ne. Jami'ar tata tana cikin waɗanda suke kira HBCU, wato makarantun da aka kafa don baƙar fata tun zamanin da ba a yarda su zauna aji ɗaya da turawa ba. Sun kai wajen 100, dokar ilimi ta 1965 ce ta ba su wannan matsayin, duk wadda aka kafa kafin 1964 da wannan manufar. Mu 'yan Ghana ma muna da igiya a ciki, don Kwame Nkrumah a Lincoln ya yi karatu, ya je 1935 ya gama digirin farko 1939, ita ma irinsu ce, a 1854 aka kafa ta. Ban da su akwai na 'yan asalin ƙasar, akwai waɗanda aƙalla kashi 25 cikin ɗari na ɗalibansu 'yan asalin Latin Amurka ne, duk ana haɗa su a ce jami'o'in da ke ɗauke da 'yan tsiraru.

To ina ruwan biri da gada? Ga inda abin yake. Baƙaƙen fata sun daɗe a bakin ruwan Chesapeake, su ne cikin kwale-kwale suna kamun kawa da ƙaguwa, matansu ne a rumfunan ɓare kawa tun asuba hannu duk ya tsattsage, unguwanninsu ne a bakin ƙoramun da masana'antu suka ɓata. Amma in ka shiga ofis ɗin da ake zana yadda za a gyara ruwan, inda ake raba kuɗin, inda ake ɗaukar ma'aikata masu albashi da fansho, sai ka neme su ka rasa. A 2014 wata farfesa, Dorceta Taylor, ta bi ƙungiyoyi da hukumomin muhalli kusan 300 ta ƙirga, ta samu 'yan tsiraru ba su wuce kashi 16 cikin ɗari na ma'aikata ba, alhali a ƙasar sun kai kashi 38. A shekarar ne kuma aka sa hannu a sabuwar yarjejeniyar Chesapeake, aka rubuta a ciki ƙarara cewa dole a nemo mutanen da ba a jin muryarsu a jawo su cikin aikin.

Da ta faɗi haka sai na tuna wata rana, zai yi shekara uku ko huɗu. Wata farar fikof ta tsaya kusa da bes ɗinmu, mutum huɗu suka fito da riguna masu ƙyalli da kula irin ta ƙanƙara cike da kwalabe. Ba zan faɗi daga inda suka zo ba, don ba su kaɗai ke yin haka ba. Ba su san ta inda ake sauka bakin ruwan ba, sai yaranmu biyu suka bar ataya a kan wuta suka nuna musu hanya, suka ɗaukar musu kula, ɗayan ma shi ya shiga cikin taɓon har gwiwa ya cika musu kwalaben saboda su ba sa so takalminsu ya ɓaci. Aka gama aka ba su sidi ashirin su raba. Yaron da ya shiga taɓon nan sayans ya karanta a babbar sakandare, SHS, kemistiri ma ya ci da kyau, yana zaune ne kawai don ba kuɗin ci gaba. Ba wanda ya tambaye shi sunansa, ba wanda ya ce masa ga abin da muke nema a cikin ruwan, kuma har yau ɗin nan da nake rubutu ba mu ji abin da kwalaben suka ce ba. Yanzu yana jan aboboya yana kwasar bola gida gida, sana'a ce ba na raina ta, amma dai.

Mu kam in aikin gayya ne an san lambarmu. Tun da aka fara ranar tsafta ta ƙasa a 2014 bayan kwalarar nan, Asabar ɗin farkon wata, wa ake kira? A yi shela a masallaci, asambuliman ya zo da shebur da baro, samarin Zango su tuɓe riga su shiga gota, a ɗauki hoto, a tara dattin a bakin titi, motar da za ta kwashe ba ta zo ba, ruwan sama ya zo ya mayar da shi inda ya fito. Mu ke kwasa. Amma mai auna ruwan, mai zana taswira a kwamfuta, mai rubuta rahoton da ake kai ma masu ba da kuɗi, mai zama a taron da ake cewa gidaje kaza za a rushe a bakin rafi, da wuya ka ga ɗan unguwa. Kuma wanda bai kwana a wurin ba akwai abin da ba zai taɓa sani ba, ko da ya zo da na'ura ta miliyan. Tsohuwar da ke bayan gidanmu za ta gaya maka daidai bulo na nawa ruwa ya kai a bangonta shekarar da aka yi babbar ambaliya, da wane lungu ne yake fara cika, da wanda ke buɗe bututun masai cikin dare in hadari ya haɗu.

Abin da ya burge ni a tsarin nasu shi ne ba su tsaya wa'azi ba cewa matasa su so muhalli. Sun je inda yaran suke ne. Morgan State tana da ɗakin bincikenta na kanta a bakin kogin Patuxent, tun 2004 yake hannunta, suna renon kawa a can. Ita kawar nan, dangin adode ɗin da ake sayarwa a Sogakope ce amma ta ruwan gishiri, 'yar tawa ta ce babba guda ɗaya in yanayi ya yi mata daɗi tana iya tace ruwa har galan 50 nasu a rana, wajen jarka takwas kenan irin wadda muke kira galan ɗin Kufuor, shi ya sa suke dasa ta kamar yadda ake dasa itace. Hukumarsu ta teku da yanayi, NOAA, tun 2001 ta kafa cibiyoyi a irin waɗannan jami'o'in, ɗaya tana ƙarƙashin jami'ar Maryland Eastern Shore tare da su Hampton, ana ɗaukar nauyin ɗalibai har digiri na uku a kan kifi da ruwa. Akwai kuma wani shiri da suke kira C-StREAM, ɗalibi ya yi hutunsa a hannun wani masani, a ba shi aiki na gaske, a ba shi kuɗi, in ya gama yana da wanda zai rubuta masa takardar shaida kuma yana da lambar wayar mutanen da ke ɗaukar aiki.

Yanzu na dawo kan "ana biyanta". Nan Ghana ma ai ana zuwa atacimen, amma yawanci kyauta ne, kai za ka biya trotro, kai za ka ci da kanka, wani lokacin ma sai ka san wani kafin a karɓi takardarka. Ɗan da ubansa ke da hali zai yi wata uku a haka bai ji komai ba. Ɗan mai wake da shinkafa da ke taya uwarsa ɗaukar tukunya da asuba, ko yaron da hutunsa shi ne lokacin da zai je Kejetia ya nemo kuɗin hostel, ta ina? Daga nan ake tace mu tun kafin a zo intabiyu, ba sai wani ya ce ba ya son ɗan Zango ba, tsarin da kansa zai yi aikin. In an zo ɗaukar ma'aikaci a ce ana son mai gogewa, gogewar kuma wanda ya iya yin aikin kyauta ne kaɗai ya same ta.

Ba wai ina cewa can aljanna ba ce. Ita da bakinta ta ce tun Janairun 2025 da sabuwar gwamnatinsu ta ba da umarnin rufe ofisoshin da ke kula da wannan harka ta jawo 'yan tsiraru a hukumomin tarayya, kowa a ɗar-ɗar yake, malamansu ma sun canja kalmomin da suke rubutawa in suna neman kuɗin bincike. Kuma tarihinmu ba ɗaya ba ne, ba wanda ya taɓa kafa doka a Ghana cewa ɗan Zango ba zai shiga jami'ar Legon ba, namu ya fi kama da tsoron iyayenmu na makarantar mishan da talauci da kuma raini da ya taru a hankali. Ba mu da wani rukunin jami'o'i da za a nuna a ce ga na 'yan tsiraru. Amma in ka duba da kyau muna da masu kama da su. Jami'ar UDS da aka kafa a Tamale a 1992 ai don Arewa aka yi ta, kuma suna da zango na uku da ɗalibai ke tafiya ƙauye su zauna da mutane su rubuta matsalolinsu, abokina da ya yi can har yau labarin ƙauyen da aka tura shi yake ba mu. Akwai ta makamashi da albarkatun ƙasa a Sunyani, akwai jami'o'in fasaha, akwai kwalejin Musulunci a Accra. Ga kuma Tek nan a bayanmu, wato jami'ar KNUST, da babbar cibiyar ruwa da tsafta da ɗalibai ke zuwa daga ƙasashen Afirka ta Yamma, daga Aboabo zuwa can bai kai tafiyar rabin awa ba in ba go-silo, amma ga yawancin yaranmu kamar wata ƙasa ce.

Aikin kuma ba ƙarewa zai yi ba. Na zauna da taswira bayan tafiyarta na bi ruwanmu da yatsa, don kunyar amsar da na ba ta a kan gada ta dame ni. Aboabo ya haɗu da Sisa, su da Subin duk su gangara Oda, Oda ya faɗa Offin, Offin ya faɗa Pra, Pra ya shiga teku a Shama. Wato robar da yaro ya jefa a bayan makarantarmu tana iya ƙarewa a ragar masunci a Shama. A kan Pra ɗin nan ne matatar ruwan Sekyere Hemang take, wadda kamfanin ruwa ya fito a Agustan 2024 ya ce laka ta galamse, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, ta kai ma'auni 14,000 alhali injinan an yi su ne don 2,000, Cape Coast da Elmina suka shiga wahalar ruwa. Mu nan kuma ruwan madatsar Barekese muke sha mafi yawa, sai Owabi da aka gina tun 1928, wadda gidaje suka ci dajin da ke kewaye da ita har kowa na gani. Muna da hukumar albarkatun ruwa tun 1996, muna da manufar barin fili a bakin rafi tun 2011, takardu dai ba a magana. Duk wannan mutane za a ɗauka su yi shi, masu auna ruwa, masu dasa itace a gaɓa, masu taswira, injiniyoyin magudana, lauyoyin filaye, masu shiga unguwa su yi magana da harshen da mutane ke ji. Da ni ake shawara, asusun raya Zango da aka yi ma doka a 2017, ko kaɗan ne a cire a biya ɗalibai goma goma kuɗin hutu su bi rafukan unguwanninsu da malami ɗaya daga jami'a, sakamakon kuma a karanta shi a ƙofar masallaci bayan Juma'a, da Hausa da Twi, kafin a kai shi ofis.

Sai dai fa mu ma da namu. Da na kawo maganar a bes wani ya ce, to yanzu ka tura ɗanka jami'a shekara huɗu ya fito ya zama ɗan bola mai digiri? Aka kwashe da dariya. A wurinmu karatu uku ne, likita, nas, lauya, in ba su ba to a haɗa kuɗi a nemi biza. Kuma dukkanmu mun san abin da ake yi in ruwa ya tsuge, kowa ya fito da bokitin shararsa ya juye a gota, har da masu dogon gemu. Abin mamaki kuma mu ne tun muna 'yan shekara bakwai malam ya zaunar da mu a kan buzu ya koya mana hukuncin ruwa, in launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙamshinsa ya canja da najasa ba a alwala da shi. Na gaya ma 'yar yayata haka, ta zaro ido ta ce kawu ai darasinmu na farko a lab kenan, launi da wari da gurɓata, sai dai mu ba a barin mu mu ɗanɗana.

Da za ta tafi ta bar min wani ɗan gwangwani da siraran takardun gwaji a ciki, ka tsoma a ruwa ka ƙirga daƙiƙu ka gwada launin da jadawalin da ke jikin gwangwanin. Ni ban da lokacinsu, sai na ba ma autar maƙwabcina da ke aji uku a SHS, yarinya mai shegen tambaya. Ta samu tsohon littafin eksasais ta ja layi, duk Asabar take zuwa wuri uku, ƙarƙashin gada, bayan mahauta, da rijiyar gidansu, ta ɗaura gwangwanin madara a igiya don kar ta taɓa ruwan, ta rubuta rana da launi da ko an yi ruwa jiya. Hotunan shafin take tura ma 'yar yayata ta WhatsApp, ita kuma ta dawo mata da dogon sautin murya rabi Hausa rabi Turanci.

Shekaranjiya uwarta ta tare ni a ƙofar gida hannu a ƙugu. "Malam, kai ne ka sa min yarinya wasa da ruwan gota ko? Ni nas nake so ta zama." Na ce Hajiya ki yi haƙuri, fom ɗin ai bai fito ba tukuna, kuma ana cika zaɓi fiye da ɗaya. Ta ce za ta gaya ma babanta in ya dawo daga Techiman. Takardun gwajin saura guda tara a gwangwani, na tura ma Yaya saƙo ko akwai mai zuwa kafin Sallah ya taho mana da wani, ta karanta tun jiya ba ta ba ni amsa ba.